Tumfafiya da Bugun Zuciya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tawa ta nufi Tabalak, ko ta Barmu, ko ta Takanamat, ya san tumfafiya. Tana tsaye bakin hanya, da bayan gari, da cikin tsohuwar gonar da ta gaji. Ba mai shuka ta, ba mai ba ta ruwa. A tsakiyar rani, sa'ad da haki ya ƙare, dabbobi suka rame, ita ganyenta yana nan kore shar. Masu ilmin tsirrai suna kiranta Calotropis procera, kuma da wannan suna aka san ta ko'ina cikin duniya.

Mutanen Adar suna amfani da ita. Sandunanta suna shiga rufin ɗaki, don gara ba ta son su. Ana tuƙa igiya da ɓawonta. Audugar da ke cikin ƴaƴanta ana cusa ta cikin matashin kai. Yara kuwa sukan taka ƴaƴan da ƙafa don su ji ƙararsu.

Amma akwai abin lura. Me ya sa bisashe ba su cinye ta ba, alhali suna jin yunwa? Akuya takan ɗan tsinki furenta ko busasshen ganyenta, ta wuce. Dalili shi ne nonon. In an karya reshe, sai wani farin ruwa mai kauri ya ɓulɓulo. Yana da ɗaci ƙwarai, kuma akwai dafi cikinsa. Dafin nan zuciya yake nema. Masu bincike sun daɗe suna bin sawun irin wannan dafi, kuma ta hanyarsa suka gane abubuwa da yawa bisa zuciya, da jijiya, har da ciwon daji.

Aikin zuciya

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna 4, biyu sama, biyu ƙasa. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska mai kyau. Ɓangaren hagu yana karɓar wannan jini ya tura shi ko'ina cikin jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa.

Zuciyar babban mutum, in yana zaune, tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti guda. Ta yaro ta fi sauri. Kowane minti tana tura jini wajen lita 5. Ba ta hutun Juma'a, ba ta hutun salla. Hutunta kawai shi ne ɗan tsakanin bugu da bugu.

Ba wanda ke ce ma zuciyarsa ta buga. Cikin ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da ke ba da umurni. Kowane bugu daga nan yake tashi, kamar yadda makaɗi ke ba manoma sautin gayya. Wasu masana biyu na Ingila, Keith da Flack, suka gano gurbin nan cikin 1907.

To, amma in yaro ya ga maciji, gabansa yana faɗuwa, zuciyarsa ta yi ta dukan uku-uku. In ya yi barci, sai ta lafa. Ke nan akwai mai kai mata labari daga ƙwaƙwalwa. Wannan aikin jijiya ne.

Nan sai a yi hattara da kalma. Hausa tana ce ma abu uku jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu cikinta. Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara, wadda ke ba mai cin nama wahala. Akwai kuma jijiyar saƙo, fara, siririya kamar zare, wadda ke kai labari tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Cikin wannan darasi, in an ce jijiya, ta saƙo ake nufi. Saƙo yana gudu cikin wasu jijiyoyi fiye da mita 100 a daƙiƙa guda. Shi ya sa mai taka ƙaya yake ɗaga ƙafa tun bai yi tunani ba.

Kwaɗi biyu

Cikin 1921 akwai wani malamin jami'a a garin Graz, ƙasar Otirish, sunansa Otto Loewi. Yana son ya san yadda jijiya ke magana da zuciya. Shi da kansa ya ce cikin mafarki dabarar ta zo masa. Ya farka ya rubuta, da safe ya kasa karanta rubutunsa. Da mafarkin ya dawo dare na biyu, bai jira safiya ba, sai ya tashi ya tafi ɗakin bincike.

Ga abin da ya yi. Ya fid da zuciyar kwaɗi biyu. Zuciyar kwaɗo tana iya ci gaba da bugawa bayan an fid da ita, in an sa mata ruwan gishiri daidai kima. Ta farko ya bar ta da jijiyarta, ta biyu ya cire mata. Ya taɓa jijiyar ta farko da ƴar wutar lantarki, sai bugunta ya ragu. Sa'an nan ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba ma ta biyu. Ita ma sai bugunta ya ragu, alhali ba wanda ya taɓa ta.

Watau jijiya tana zubo wani sinadari, shi ne ke ce ma zuciya ta sassauta. Daga baya aka san sunansa asetilkolin. Wannan gwaji bai ci kuɗi ba: kwaɗi biyu, ruwan gishiri, da kai mai tunani. Ya jawo ma Loewi kyautar Nobel cikin 1936.

Daga kibiya zuwa asibiti

Mahalban ƙasar Hausa sun san dafin zuciya tun kafin likitoci su san shi. Suna dafa ƴaƴan kwankwani, wani icce mai yaɗo da ke fitowa kudu inda ruwa ya fi yawa, su shafa ma kibiya. A wurare da dama na Afirka ana haɗawa da nonon tumfafiya. Naman da aka halba yakan ɗan yi gudu, sa'an nan ya faɗi. Ba raunin ne ya kashe shi ba, zuciyarsa ce ta tsaya.

Wani likita mai suna John Kirk ya yi tafiya bakin kogin Zambezi, a kudancin Afirka, tsakanin 1858 da 1863. Ya tara irin wannan dafi, ya sa cikin aljihu tare da burushin haƙoransa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Wani da ya tofar ya manta. Shi kuwa ya riƙe abin, aka aika da ƴaƴan iccen zuwa Turai. Cikin 1885 Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya nuna ma likitoci cewa ɗan kaɗan daga dafin nan yana taimakon zuciyar da ta gaji. Dafin tumfafiya kuwa, masu ilmin sinadari na Jamus suka ware shi cikin 1936, suka sa masa suna kalotorofin.

Turawa ma suna da nasu tsiro mai irin wannan dafi, ana ce masa dijital. Wani likitan Ingila, William Withering, ya yi shekara 10 yana gwada ganyensa bisa masu kumburin ƙafa da ciki. Yana auna abin da ya ba kowa, yana rubuta wanda ya samu sauƙi da wanda ya yi amai ya galabaita. Ya buga littafinsa cikin 1785. Daga dangin wannan tsiro aka fid da digozin cikin 1930, maganin da har yanzu likitoci ke ba wasu masu ciwon zuciya.

Ƙwayar digozin ta babban mutum ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram ba. Ke nan giram guda ya isa ƙwaya 4.000. Wanda ya sha fiye da ƙa'ida zai yi amai, ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya, bugun zuciyarsa ya rikice. Tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa tazara ƙanƙanuwa ce. Ba a iya auna ta da ludayi ko da tafin hannu. Ganye biyu na icce guda ma ba su ɗauke da dafi daidai wa daida.

Gajiyar zuciya ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne. A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin jami'ar Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata masu jego waɗanda zuciyarsu ta gaji bayan haihuwa. Sun iske abin ya yi yawa can, kusan mace 1 cikin 100. Sun lura cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gado mai wuta suna ƙara ma zuciya kaya. Likitocin Yamai ma sun yi bincike bisa wannan ciwo, kuma an gane ba al'ada kaɗai ke kawo shi ba. Alamominsa ba su ɓuya: ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, tari ya hana barci, mace ta kasa kwanciya sai zaune. Yaron da ya ga haka ga uwarsa ko yayarsa cikin watannin jego, ya faɗa ma manya a kai ta asibiti. Akwai magani.

Pampon da ido ba ya gani

Likitoci sun yi shekara fiye da 150 suna ba da wannan magani ba su san yadda yake aiki ba. Amsar ta fito daga wurin da ba a zata ba, daga ƙafar ƙaguwa.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da fata da ta kewaye ta. Ciki da waje akwai ruwa mai gishiri, amma gishirin ba iri ɗaya ba ne. A waje sodiyom ya fi yawa, shi ne wanda ke cikin gishirin miya da kanwa. A ciki fotasiyom ya fi yawa, shi ne wanda ke cikin ruwan toka.

Cikin 1957 Jens Skou, wani likitan ƙasar Danmark, yana bincike bisa jijiyoyin ƙafar ƙaguwar teku. Sai ya gano abin da ke raba gishirin nan biyu. Wani ɗan pampo ne da ke cikin fatar ƙwaya. Kowane juyi yana fid da sodiyom 3 waje, ya shigo da fotasiyom 2. Kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum tana da irinsa dubbai, suna aiki dare da rana. Skou ya samu kyautar Nobel cikin 1997, shekara 40 bayan aikin.

Mene ne amfanin wannan wahala? A duba shaton ruwa na gari. Inji yana tura ruwa sama, ya tara shi. In an buɗe pampo cikin unguwa, ruwa ya zubo da ƙarfi, ba mai tura shi. Haka ƙwaya take. Tana tara sodiyom a waje. In saƙo ya zo, sai ta buɗe ƙananan ƙofofi, sodiyom ya ruga ciki. Wannan rugawa ita ce ƴar wutar lantarkin da ke bin jijiya, ita ce kuma ke tada bugun zuciya. In injin ya tsaya, shato ya ƙafe. In pampon ƙwaya ya tsaya, jijiya ta yi shiru, zuciya ta rikice.

Dafin tumfafiya da na kwankwani da na dijital duka wuri ɗaya suke kamawa: suna toshe wannan pampo. In an toshe kaɗan, sodiyom yakan ɗan taru cikin ƙwayar zuciya. Wannan yana sa kalsiyom ma ya taru, watau sinadarin da ke cikin ƙashi da cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Kalsiyom shi ke sa tsoka ta matse. Sai zuciya ta buga da ƙarfi. Maganin kuma yana zuga jijiyar nan ta Loewi, sai bugun ya ragu. Zuciya mai bugawa a hankali da ƙarfi ta fi mai gaggawa ba ƙarfi. In kuwa an toshe da yawa, abin da ya samu naman daji shi zai samu mutum.

Yanzu ana iya gane abu biyu da kowane yaron ƙauye ya sani. Na farko, nonon tumfafiya in ya shiga ido, gani yakan dushe kamar an shiga hazo. Gaban ido yana da irin wannan pampo, wanda ke tsane ruwa don ido ya zauna garau. In dafi ya toshe shi, ruwa ya taru. Sau da yawa ba ya zafi sosai, shi ya sa ake raina shi. A wanke idon nan da nan da ruwa mai tsabta mai yawa, kada a murza, a tafi wurin likita. Yawanci gani yana dawowa bayan kwanaki.

Na biyu, farar tumfafiya, mai zane rawaya a jiki. Tana cin ganyen ta ƙoshi, ba abin da ke samunta. Cikin 1967 masu bincike suka nuna cewa irin wannan fara tana tara dafin cikin jikinta, ta fesa ma mai son kama ta. Nata pampon dafin ba ya kama shi da sauƙi. Shi ya sa masu kamun fara ba su sa ta cikin buhu.

Ciwon daji

Ƙwayoyin jiki suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu. Da haka yaro ke girma, da haka rauni ke warkewa. In rauni ya rufe, sai su tsaya. Wani lokaci wata ƙwaya takan lalace, ta ƙi tsayawa. Ta yi ta haihuwa har ta zama ƙari, ta bi jini ta kafa wani ƙarin a wani wuri. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara, ko kansa. Ba kowane kumburi ko gyambo da mutane ke ce ma daji ba ne kansa. Sai an auna a asibiti ake sani.

Wasu manyan magungunan kansa daga tsirrai suka fito. A tsibirin Madagaskar akwai wani ɗan fure da mutane ke sha don ciwon sukari. Masana biyu a Kanada, Noble da Beer, suka gwada shi bisa ɓeraye. Sukari bai sauka ba, amma fararen ƙwayoyin jini suka ragu ƙwarai. Sai suka ce: abin da ke hana waɗannan ƙwayoyi yawaita, ko zai hana na kansar jini? Cikin 1958 suka ba da labarin maganin binbilastin. Ɗan'uwansa binkiristin ya shiga asibitoci cikin 1963. A farkon shekarun 1960, yaron da ya kamu da kansar jini da wuya ya tashi. Yau, inda ake da cikakken magani, wajen 9 cikin 10 suna warkewa, kuma binkiristin yana cikin abin da ake ba su.

Magungunan nan ba su da sauƙi. Binkiristin yakan taɓa jijiya, yatsu su yi ta tsiyayi ko su mutu. Wani kuma, dokzorubisin, ja ne kamar zoɓo, yakan gajiyar da zuciya in ya yi yawa. Don haka likita yana auna zuciyar majinyaci, yana kuma lissafin duk abin da ya ba shi tun ranar farko. Mai binciken kansa dole ya san zuciya, ya san jijiya.

To, tumfafiya fa? An lura cewa wasu ƙwayoyin kansa suna da pampon nan da yawa. Masu bincike na Buruksel, ƙasar Beljik, tare da na Burkina Faso, suka fid da wani sinadari daga ɓawon saiwar tumfafiya. Suka gyara shi, suka sa masa lamba UNBS1450, suka bayyana aikinsu cikin 2005. Cikin kwanon bincike ya kashe ƙwayoyin kansa. Cikin ɓerayen da aka dasa ma kansar mutum, ya rage girman ƙari.

Nan akwai tarko. Pampon ɓera, kamar na farar tumfafiya, ba ya jin wannan dafi sosai. Ke nan dafin zai kashe ƙwayar mutum da aka dasa, ya bar ɓera lafiya lau. Cikin jikin mutum kuwa, ƙari na mutum ne, zuciya ma ta mutum ce. Abin da ɓera ya ɗauka, mutum ba lalle ya ɗauka ba.

Saboda irin wannan ne ba a sakin magani sai ya hau matakai. Bayan kwano da dabba, ana gwada shi bisa mutane kaɗan waɗanda suka yarda, a fara da ɗan mitsitsi, a ga iyakar abin da jiki ke ɗauka. Sa'an nan a gwada bisa ɗaruruwa, sa'an nan a gwama shi da tsohon magani a ga wanda ya fi. Aikin yakan ci shekara 10 ko fiye. Cikin magani 10 da suka kai ga gwajin mutane, wajen 9 suna faɗuwa a hanya.

Na tumfafiya ya hau matakin farko a Beljik. Cikin 2011 aka tsai da gwajin, don kamfanin da ke biyan kuɗin aikin ya karye. Har yau babu maganin kansa na tumfafiya da aka yarda da shi a asibiti. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa nonon tumfafiya yana warkar da daji, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba, kuma abin da ke cikin kwalbarsa yana iya tsai da zuciya. Mai ƙari a nono ko a wuya, hanyarsa ita ce gidan likita mafi kusa, daga nan babban asibitin Tawa. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashin ƙari da haske cikin 2021. Wanda ya je da wuri ya fi samun sa'a.

Aiki

1. Ku aza yatsu biyu bisa wuyan hannunku, ƙarƙashin babban yatsa. Ku ƙidaya bugu cikin minti guda. Ku kewaya filin makaranta da gudu sau biyu, ku sake ƙidayawa. Ku rubuta lambobin biyu bisa allo, ku gwama na ƴan aji duka.

2. Zuciya tana bugawa sau 70 a minti. Sau nawa za ta buga cikin kwana guda?

3. Tana tura jini lita 5 a minti. Tano nawa mai cin lita 200 za ta cika daga safiya zuwa wata safiya?

4. Don me Loewi ya cire jijiyar zuciya ta biyu kafin ya zuba mata ruwan?

5. Ku tambayi tsofaffin unguwarku abin da ake yi da tumfafiya a garinku. Ku zana ganyenta da furenta da ɗanta cikin kayenku. Ku zana ta tana tsaye, kada ku karya reshe.